A Gyara Takardun 'Yan Mazan Jiya Tun Ana Iya Karanta Su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wani haƙƙi da ya daɗe a kwance, wato na 'yan mazan jiyan da suka yi yaƙin duniya na biyu aka sallame su da takardun da ba su cika ba. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya ina hedimasta, kuma ɗa ne ga ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa da sauran Musulmi baki ɗaya. Ba kuɗi nake nema masa ba. So nake a rubuta a takardarsa abin da ya yi, kamar yadda dokar aikin da kanta ta tanada.

Littafin sallamarsa daga soja yana hannuna. Ɗan ƙarami ne, takardunsa sun yi ja don tsufa, amma rubutun yana karantuwa sarai. A ciki akwai lambarsa ta soja wadda ta fara da haruffan NA, da sunansa, da garin da aka ɗauke shi, da tsayinsa, har tsagar fuskarsa an bayyana. An rubuta ya shiga soja a 1943, ya bar ƙasar nan a jirgin ruwa a 1944 tare da runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, ya dawo gida a 1946. Muƙaminsa farabiti, halinsa an ce mai kyau ne. Sai gurbi ɗaya da aka keɓe wa mindodi da lambobin yabo. Wannan gurbin akawu ya ja masa layi da alƙalami ya wuce gaba. Babu ko harafi ɗaya.

To amma dokar da Turawan Ingila suka kafa wa mindodin wannan yaƙi ba ɓoyayya ba ce, kowa na iya karanta ta. Duk sojan ƙasa da ya shiga fagen fama a Burma tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945 ya cancanci Tauraron Burma, ko da yini ɗaya ya yi. Wanda ya cika kwana 180 a fagen fama ya cancanci Tauraron 1939-45. Wanda ya yi kwana 28 sanye da kaki a zamanin yaƙin, ko a ina aka ajiye shi, ya cancanci Mindar Yaƙi. Dokar ba ta ce sai Bature ba, ba ta kuma ce sai mai riƙe da bindiga ba. Runduna ta 82 ta shiga yaƙi a yankin Arakan a watan Disamba 1944, tana cikin Burma har Japan ta miƙa wuya, ba a kwaso mutanenta gida ba sai 1946. Duk wanda ya iya lissafin wata zai ga mahaifina ya cika sharaɗin mindodin nan uku. Ranakun da ke tabbatar da haka suna cikin littafin nan, shafi ɗaya ne tsakaninsu da gurbin da aka bari fayau.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini a fuska: ai babanka dako ya yi a soja. Gaskiya ne, dako ya yi, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Ina so masu karatu su san wane irin dako ne.

Ƙasar Arakan duwatsu ne da kurmi da koramu masu yawa, ga ruwan sama irin wanda ba mu taɓa gani ba a nan. Wurare da yawa mota ba ta shiga, wasu ko alfadari ba ya iya hawa. Shi ya sa aka kafa wa rundunonin Afirka ta Yamma guda biyu, ta 81 da ta 82, rukunoni na musamman na sojoji masu ɗaukar kaya a ka. Jirgin sama ke sako abinci da harsashi da laima, su je su tattara, su ɗora a ka, su bi bayan masu bindiga duk inda suka sa ƙafa. Su ke ɗaukar akwatunan harsashi da na'urar oba-oba da gutattakin ƙananan igwogi. Su ke sare hanya da adda, su share fili inda ƙaramin jirgi zai sauka ya kwashi waɗanda aka raunata. Su ke ɗauko mai rauni daga inda ya faɗi, wuta na tashi, yawancinsu kuwa ba su da abin kare kai sai addar nan. Mahaifina yakan ba mu labarin matsattsaku da ke manne wa mutum a ƙafa har cikin takalmi, da zazzaɓi da atini da suka kwantar da mutane fiye da harsashi, da yadda ake kwana a rami ba a hura wuta ba a tari. Har ya koma ga Allah gashi bai sake tsirowa a tsakar kansa ba. Turawan da suka shugabanci rundunar su kansu sun san darajar wannan aiki, domin tambarin da kowane sojan runduna ta 82 ke ɗaurawa a kafaɗa, daga janar har kurtu, mashi biyu ne a gicciye bisa gammo. Na runduna ta 81 kuwa gizo ne baƙi a kan rawaya. Rundunar da ta sa gammo a tambarinta ba za a zo bayan shekaru a ce mai gammon ba soja ba ne.

Wuraren da suka bi, Malam Edita, kai ma ka san sunayensu ko da ba ka taɓa duba taswirar Burma ba. Duk wanda ya san Kaduna ya san barikin Dalet a Kawo da barikin Kalapanzin. A Legas akwai Arakan da Tamandu a Apapa, akwai An da Myohaung a Yaba, akwai Dodan a Ikoyi inda shugabannin ƙasa suka zauna har aka koma Abuja a 1991. A Ibadan akwai Letmauk. A Zariya akwai Chindit, don tunawa da bataliyoyin Najeriya uku da aka sauke a bayan sansanin Japan a 1944. Garin Myohaung a watan Janairu 1945 rundunoninmu biyu suka ƙwace shi. Waɗannan sunaye mahaifina yana kiransu kamar yana kiran ƙauyukan gundumarmu, ya ce daga nan muka tashi muka kwana can. Mun rubuta sunayen wuraren da manyan baƙaƙe a ƙofofin barikoki, muna wucewa kullum, amma mutumin da ya taka wurin da akwatin harsashi a ka, takardarsa ta ce bai cancanci komai ba.

Abin ya taɓa shi tun yana raye, ba ni na ƙirƙiro masa damuwar ba. Yana da amini mutumin ƙauyen da ke gaba da namu, rana ɗaya aka ɗauke su, jirgi ɗaya suka shiga, rukuni ɗaya suka yi aiki. Littafin wancan an rubuta mindodin nan uku, kuma bayan wasu shekaru aka kira shi ofishin Di'o aka miƙa masa. Na gan su da idona ina yaro: taurari biyu na tagulla masu tsini shida, na Burma ƙyallensa ja a tsakiya, gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Duk ranar tunawa da mazan jiya, tun ana yi a watan Nuwamba har aka mayar da ita 15 ga Janairu, tare suke tafiya fareti. Wata shekara wani matashi mai shirya layi ya dubi ƙirjin mahaifina ya ce, Baba, ka koma baya, masu minda ne a nan. Amininsa ya yi ta rantsuwa cewa tare suka je tare suka dawo, aka ce ina shaida. Aka buɗe littafi, ga layi a gurbin. Mahaifina bai yi gardama ba, ya naɗe littafinsa ya sa aljihu. Daga wannan shekara bai ƙara zuwa fareti ba. Ban riƙe yaron nan a zuciya ba, abin da takarda ta nuna masa ya bi.

Yadda irin wannan giɓi ya samu ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda aka ɗauki mutanen nan da yadda aka sallame su. Sojojin Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka je wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Wasu da son ransu suka shiga, wasu dagaci ne ya nuna su don a cika adadin da aka yanka wa gunduma. Wurin rubuta suna, sai a sa sunan yanka a haɗa da sunan gari, shi ya sa a bataliya ɗaya za a sami Audu Kano ko Musa Zariya fiye da ɗaya, lamba ce kaɗai ke raba su. Akawu ya rubuta yadda kunnensa ya ji, wani akawun a Indiya ya rubuta dabam. Da aka gama yaƙi, dubbai aka riƙa saukewa daga jirgi ana sallama cikin gaggawa, kowa hankalinsa na gida. Mindodin kuma ba a lokacin aka raba su ba, sai bayan shekaru, mutane sun watse cikin ƙauyukan da babu gidan waya. Waɗanda Ingila ta bayar ba a ma sassaƙa sunan mai su a jiki ba. Yawancin sojojin ba su iya karatun boko ba, balle su duba littafi su ce an tsallake gurbi. Wanda yake kusa da bariki ko ya samu aikin masinja a En'e ya ji labari ya karɓa. Wanda ya koma gona, irin mahaifina, shiru.

Akwai wani abu da ya kamata a rarrabe, domin na ga yana ruɗa iyalai da yawa, har ya sa ake yi wa masu gaskiya kallon maƙaryata. Minda iri biyu ce. Akwai ta halartar yaƙi, irin ukun da na ambata, wadda ranaku da wurin aiki ke tabbatarwa. Akwai ta jarunta, wadda sai hafsa ya rubuta sunan mutum ya bayyana abin da ya yi, an amince daga sama, an buga a jaridar gwamnatin Ingila mai suna London Gazette. Mahaifina ya gaya mana cewa a kusa da Tamandu ya goyo wani saje da aka harba a cinya ya ƙetare korama da shi, hafsansu kuma ya ce zai rubuta sunansa. Na yarda da maganarsa ɗari bisa ɗari, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Ingila ya duba mini jaridar nan, ya kuma je gidan ajiyar takardun gwamnati da ke unguwar Kew a birnin London inda ake ajiye takardun da hafsoshi suka rubuta na neman a ba soja lambar yabo. Bai sami sunansa ko lambarsa ba. Gwamnatin Ingila kuwa ta daɗe da rufe ƙofar ba da sababbin lambobin jarunta na wannan yaƙi. Saboda haka ban sa wannan cikin buƙatata ba, ladansa yana wurin Allah. Amma wani gidan za a duba a samu. Akwai 'yan Najeriya da aka buga sunayensu a London Gazette ɗin, wasu da mindar jarunta, wasu da ambato a rahoton kwamanda, wanda alamarsa ɗan ganyen tagulla ne da ake maƙalawa a ƙyallen Mindar Yaƙi. In an buga sunan mutum amma littafinsa bai nuna ba, wannan gyaransa ya fi kowanne sauƙi, shaida na nan a buge, kuma ana iya binciken jaridar kyauta a intanet.

Abin da ɗalibin nawa ya samo mini a Kew shi ne littafin da hafsoshin rukunin suke rubuta abin da ya faru kowace rana: yau an tashi daga wuri kaza, an sauka wuri kaza, mutum kaza sun kwanta asibiti. Ba a cika ambaton farabiti da suna ba, amma yana nuna inda rukunin yake a kowane wata. In aka haɗa shi da littafin sallama da ya ce mutum yana cikin rukunin daga rana kaza zuwa rana kaza, magana ta ƙare.

Da waɗannan takardu na fara yawo. Ba zan kira sunan ofis ko mutum ba, don ba tozarta wani ya kawo ni ba, kuma a ko'ina na sami waɗanda suka tausaya suka ba ni kujera. Amma tausayi bai gyara takarda ba. Wani wuri aka ce nan maganar fansho kawai ake yi. Wani wuri aka ce fayil ɗin sojojin Turawa ba ya hannunsu, in rubuta Ingila. Na rubuta, amsa ta zo cikin ladabi cewa bayanan sojojin da aka ɗauka a nan sai a nema a nan. Na koma, aka ce tsofaffin fayiloli gara ta ci wasu, ruwa ya ɓata wasu, wanda ya san kansu kuma ya yi ritaya. Wani jami'i mai kirki ya faɗa mini gaskiya, ya ce Baba, ko na ga fayil ɗin ban san wa ke da ikon sa hannu a ƙara layi a takardar mutumin da aka sallama kafin a ba mu 'yanci ba. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Matsalar ba muguntar wani ba ce. Babu tebur, babu fom, babu mai hurumi.

Wasu ƙasashen sun shiga irin wannan hali, ba su naɗe hannu ba. A Amurka, ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun sojoji da ke birnin St. Louis, ta cinye fayiloli tsakanin miliyan 16 da miliyan 18, yawancinsu na waɗanda suka yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da na Koriya. Ba su ce shi ke nan ba. Har yau in iyali suka nema, ana haɗa tarihin aikin mutum daga takardun albashi da na asibiti da rahoton safiya na kamfaninsa. Tun 1946 dokarsu ta ba da damar kafa kwamitin gyaran takardun soja a kowace runduna, akwai fom, kuma matar mamaci ko ɗansa na iya cikewa ya kawo shaida. A watan Janairu 1997 Shugaba Clinton ya ba baƙaƙen fata bakwai da suka yi yaƙin duniya na biyu lambar jarunta mafi girma ta ƙasar, bayan bincike ya nuna launin fata ne ya hana su. Ɗaya ne kaɗai yake raye ya karɓa da hannunsa, Vernon Baker, sauran shida bayan ransu aka yi. Faransa ma, wadda sojojinta suka buɗe wa sojojin Afirka wuta a sansanin Thiaroye na Senegal ranar 1 ga Disamba 1944 don sun nemi haƙƙinsu, a 2024 ta gyara takardun shida daga cikinsu ta rubuta cewa sun mutu ne saboda Faransa. Shida kaɗan ne ƙwarai, amma ya nuna shekara 80 ba ta hana gyara. Ita kanta Ingila, a watan Afrilu 2021 ministan tsaronta ya nemi gafara a majalisa bayan rahoton hukumar kula da kaburburan soja ya nuna aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Wanda ya amsa wannan laifi a bainar jama'a bai kamata ya ƙi taimakawa a cike gurbi a littafin farabiti ba.

Wani ɗan'uwana ya ce mini, Malam, mutum ya mutu, wane amfani tagulla za ta yi masa, ka yi masa addu'a kawai. Addu'a kullum ina yi. Amma shaida amana ce, kuma takardar da ta rage wa mutum aikinsa shaidar da ba ta cika ba ce, mu da muka san gaskiya in mun yi shiru mun sa hannu. An riga an tauye su ta wajen kuɗi. Wata takardar 1945 da 'yan jarida suka bankaɗo a 2019 ta nuna garatutin farabiti Bature sule goma ne a kowane watan aiki, na baƙar fata sule uku da sisi. Wannan kuɗin ya wuce, masu shi sun tafi. Abin da ya rage da za a iya mayarwa shi ne suna. Jikokina suna karanta yaƙin duniya a makaranta kamar abin da ya faru tsakanin Turawa, in na ce kakanku yana ciki sai su ce ina mindarsa.

Roƙona na farko ga Ma'aikatar Tsaro da shugabannin rundunar soja: a kafa tebur ɗaya sananne, mai adireshi da lambar waya, wanda aikinsa gyaran takardun tsofaffin sojoji ne, a ba shi ikon yanke hukunci a rubuce. A yi fom mai sauƙi da Hausa da sauran harsunanmu, a fayyace wa zai iya cikewa, matar mamaci ko ɗa ko jika, a kuma fayyace irin shaidar da za a karɓa. Littafin sallama, takardar fansho, tsohon hoto mai tambarin runduna a kafaɗa, littafin abokin aiki da suka yi rukuni ɗaya, rantsuwar kotu daga dattawan gari, duk a duba su tare. In an tabbatar, a ba iyali takarda mai hatimi da ta ce wane mai lamba kaza ya yi aiki a wuri kaza, ya cancanci minda kaza da kaza. Ko tagullar ba ta samu ba, wannan takarda ta wadatar da ni. In an ƙi, a rubuta dalili, mutum ya san inda ya tsaya. Wannan tebur ba na 'yan Burma kaɗai zai zama ba. Akwai waɗanda suka je Habasha da Somaliya a 1941 waɗanda Tauraron Afirka ya shafa, akwai 'yan Kwango na farkon shekarun 1960, da na yaƙin basasa, da na ECOMOG a Laberiya da Saliyo, da yaranmu da ke faɗuwa yau a Arewa maso Gabas da dazukan Zamfara. Duk inda akawu ke rubutu ana tsallake layi, kuma gwauruwar soja ba ta da ƙarfin yawon ofis-ofis.

Gwamnati kuma ta nemi ofishin jakadancin Birtaniya a hukumance, ƙasa da ƙasa, ya ba da kwafin duk abin da ke Kew game da rundunonin nan biyu, a ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House, inda talaka zai iya shiga mota ya je ya duba. Ba kowa ke da ɗalibi a Ingila ba. Tsofaffin fayilolin da suka rage a hannunmu a ɗauki hotonsu a sa a kwamfuta, ko 'yan bautar ƙasa aka ba aikin za su gama.

Ga iyayenmu sarakuna kuwa, Allah ya ja zamaninku, ta hannun magabatanku aka tara mutanen nan, hakimai da dagatai suka miƙa su. Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo har can ya je ya duba su ya ƙarfafa musu gwiwa. In fada ta ce kowane hakimi ya tattara sunaye da lambobin 'yan mazan jiyan ƙasarsa, rayayyu da matattu, cikin wata guda za a sami abin da wani ofis ba zai samu a shekara ba. Ƙungiyar 'yan mazan jiya tana da rassa a ƙananan hukumomi, ita ce ta fi dacewa ta karɓi wannan rajista ta bi sawunta.

'Yan'uwana masu irin wannan gado, kowa ya buɗe adakar tsoho yau. In kun ga littafin, ku ɗauki hoton kowane shafi da waya, har bango, ku tura wa 'yan'uwa biyu ko uku. Lambar sojan ita ce gaba da komai, ku rubuta ta a wani wuri dabam, domin da ita ake bincike ba da suna ba. Kada ku cike gurbin da hannunku, kada ku goge komai, kada ku ba kowa ainihin littafin ko da ya ce zai kai muku Abuja, kwafi za ku bayar. Kada kuma ku sayi minda a kasuwa ku ce ta Baba ce, wannan zai ɓata mana magana duka. In akwai tsohuwa a gida da ta ji labari daga bakin mijinta, ku zauna da ita ku naɗi muryarta, ku tambaye ta sunan hafsansu da abokan tafiyarsa da garuruwan da yake ambata.

Malam Edita, kai ma ina da roƙo gare ka. Ka tura wakilinka ya tambayi hukumomin soja a rubuce, wa ke da ikon gyara takardar sojan da aka sallama kafin 1960, ka buga mana amsar yadda ta zo. In kuma za ka ware ɗan gurbi a jaridar nan inda iyalai za su riƙa aiko lambar soja da runduna da shekarar sallama, 'ya'yan waɗanda suka yi rukuni ɗaya za su gano juna, littafin wani ya zama shaidar wani. Kwafin namu littafin da na aminin mahaifina, wanda 'ya'yansa suka yarda in haɗa, suna cikin ambulan ɗin nan tare da lambar wayata.

Na gode da fili. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wassalam,
Tsohon hedimasta, ɗan wani farabiti na runduna ta 82,
daga ƙasar Zazzau.